Idan Baiwar Ɗan'uwanka Ta Burge Ka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, ya 'yan'uwana ma'abota alƙalami.

A wani taron marubuta na haɗu da wani bawan Allah wanda Ubangiji Ya hore wa fasaha, irin mutumin da zai ɗauki maganar da kowa ya saba ji, ya sarrafa ta har ka ji kamar yau ka fara jin ta, kuma duk da wannan baiwa ba ya raina na ƙasa da shi. Tun daga ranar muka ƙulla abota. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai irin wannan hazaƙa ya san cewa zuciya ba ta tsayawa a kan sha'awa kaɗai, domin Shaiɗan yana nan kusa, yana jiran ya juya wannan sha'awa ta koma hassada.

Abu na farko da ya kamata harshe ya furta a irin wannan lokaci shi ne addu'ar albarka. Imamu Malik ya ruwaito cewa Amiru ɗan Rabi'a ya ga Sahalu ɗan Hunaifu yana wanka, sai ya yaba kyawun fatarsa ba tare da ya sa masa albarka ba, nan take Sahalu ya yanke jiki ya faɗi. Da labari ya isa ga Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam), sai ya yi fushi, ya tambayi dalilin da zai sa ɗayansu ya kashe ɗan'uwansa, da abin da ya hana Amiru yi masa addu'ar albarka. Sannan ya umarci Amiru ya yi wanka, aka zuba wa Sahalu ruwan, ya miƙe lafiya. Ku lura da cewa waɗannan sahabbai ne guda biyu da suka halarci Yaƙin Badar, kuma babu gaba a tsakaninsu, wanda ke nuna cewa kambun baka yana iya fitowa daga masoyi. Saboda haka idan ka karanta waƙar abokinka ko labarinsa ka ji ya ratsa ka, ka ce Masha Allahu, Allah Ya yi masa albarka, kafin ka ce komai.

Ba laifi ba ne ka yi fatan samun irin abin da ya samu. Malamai sun bambanta hassada, wato burin ni'ima ta gushe daga hannun mai ita, da gibɗa, wato fatan samun kwatankwacinta alhali tasa tana nan. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya halatta wannan fata game da mutum biyu: wanda Allah Ya ba dukiya yana ciyar da ita a kan gaskiya, da wanda Ya ba hikima yana hukunci da ita yana kuma koyar da ita. A Suratun Nisa'i, aya ta 32, Allah Ya hana mu burin abin da Ya fifita sashenmu da shi a kan sashe, kuma a cikin ayar Ya umarce mu da mu roƙe Shi daga falalarsa. A ganina, hassadar marubuta ba kasafai take fitowa fili ba; takan ɓuya a cikin shirun da mutum zai yi idan ana yabon abokinsa, ko a cikin sharhin da aka kira gyara alhali manufarsa rage daraja ce.

Sai dai yabon ma yana da iyaka. Abu Bakrata ya ruwaito cewa wani ya kambama wani a gaban Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam), sai Annabi ya ce masa da wannan yabo tamkar ya yanke wuyan abokinsa ne, ya kuma koyar da cewa mai yabo ya ce yana zaton wane kaza ne, Allah ne Mai yi masa hisabi. Marubucin da abokansa suka cika masa kunne da kirari yakan daina karɓar gyara, daga nan kuma alƙalaminsa ya fara dusashewa. Ka yabi aikin da ka gani, ka ambaci wurin da ya yi kyau, ka keɓe shi ka nuna masa inda ya kuskure.

Idan kuwa ka tabbatar kana ƙaunarsa saboda Allah, to ka faɗa masa, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito umarnin cewa wanda ya so ɗan'uwansa ya sanar da shi. Ka kuma riƙa yi masa addu'a a bayan idonsa, domin hadisin Abud Darda'i da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa akwai mala'ikan da aka wakilta, duk lokacin da ka roƙa wa ɗan'uwanka alheri sai ya ce amin, kai ma Allah Ya ba ka irinsa.