Kwabon Victoria da aninin gindin badala

A hanyata ta zuwa aiki a Birmingham akwai wani fili da aka rushe gidajen da ke kansa. Ranar Asabar nakan ga wani dattijo yana zagaya shi da na'urar gano ƙarfe, in ta yi ƙara sai ya durƙusa ya tona da ɗan cebur. Wata rana na tsaya muka gaisa. Abin da ya samu tun safe ƙusoshi ne, da maɓalli, da kwabo ɗaya mai hoton Sarauniya Victoria. Ya ce kafin ya taka filin sai da ya karɓi izinin mai shi.

Kwabon nan ya mayar da ni Kano. Muna yara, in an ɗauke ruwan sama, mukan tsinci anini mai huda a gindin badala, mu zura masa zare, mu yi wasa da shi har ya ɓace. Ba wanda ya taɓa tambayarmu inda muka same shi.

A nan kuwa wurin shi ne kan magana. Dokar Ingila ta 1996 ta ce wanda ya tono zinariya ko azurfa da ta haura shekara 300, ya kai rahoto cikin kwana 14. Sai a yi mata kuɗi, gidan tarihi ya saya, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai ƙasa. Haka aka yi a 2009, da Terry Herbert ya ci karo da tarin zinariyar Staffordshire a gonar wani manomi: sama da fam miliyan 3, rabi da rabi. Na je na gan ta da idona. Wasu kuwa da suka tono irin wannan dukiya a Herefordshire suka ɓoye ba su kai rahoto ba, a 2019 aka ɗaure su. Tun 1997 ma akwai shirin da ke rubuta ƙananan tsintuwa, kowace da inda ta fito.

Mu ba mu rasa abin tonowa ba. Masu haƙar kuza ne suka fara fito da gumakan Nok a 1928. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, an tono kayan zinariya a 1992. Doka ma muna da ita tun 1979, ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Amma manomin da garmarsa ta bugi tsohuwar tukunya, wa zai gaya wa? Yana tsoron a ƙwace, a kuma bi shi da tambayoyi, ga dillali a ƙofar gida da kuɗi a hannu. Ban ga laifinsa ba. Ta wannan hanya kayan Nok da na Bura a Nijar suka cika kasuwannin Turai, an raba su da ƙasar da za ta ba da labarinsu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Kwanaki wani abokina ya ce mu haɗa kuɗi mu sayi na'urar, in mun je hutu mu gwada kangayen cikin birni. Na ce masa a'a. In ta yi ƙara a bayan Kurmi, ban san hannun da zan miƙa wa abin da ya fito ba.