Babi na huɗu: ɗalibanmu su daina sayen lissafi, su koyi rubuta shi

Watannin baya 'yar yayata ta zo gidana bayan la'asar riƙe da kundin kammala digirinta, saura mako biyu ta tsaya gaban malamai ta kare shi. Bincikenta a kan lafiyar mata masu haihuwa ne, kuma da ƙafarta ta bi gida-gida cikin rana tana cike takardun tambayoyi. Babi na ɗaya zuwa na uku duk guminta ne, kana karantawa ka san ta sha wahala. Da na iso babi na huɗu, inda ake baje alƙaluma, sai idona ya faɗa kan wani jadawali da ke cewa idan aka raba daidai, kowace mace a cikin waɗanda ta tambaya ta haifi 'ya'ya 13.

Na ce, "Ke 'yar nan, a ina kika samo waɗannan mata?"

Ta ce, "Wallahi Kawu haka kwamfuta ta fitar."

Na ce wace kwamfutar, taki? Sai ta sunkuyar da kai. Ashe wani shago ta kai aikin kusa da ƙofar makaranta, ta biya, bayan kwana uku aka miƙo mata jadawalai da zane-zane masu launi. Muka buɗe fayil ɗin da ta shigar da amsoshin, nan take muka ga inda gizo ke saƙa. Duk matar da ta ƙi amsa tambayar, an rubuta mata 99 a matsayin alamar babu amsa, kamar yadda aka koya musu a aji. Mai shagon bai san da wannan ba, bai kuma tambaya ba, ya haɗa 99 ɗin cikin lissafi kamar 'ya'yan gaske ne. Abin da ya fi damuna shi ne babu wata takarda ko fayil da ke nuna matakan da ya bi. Ya danna nan, ya danna can, ya kwafo sakamako, ya rufe kwamfuta. Ko shi kansa aka ce ya sake, ba lallai ya fito da abin da ya fitar da farko ba.

Duk wanda ya ratsa jami'a ko kwaleji a ƙasar nan ya san wannan ciniki ba sabo ba ne. Ra'ayina a kai shi ne lokaci ya yi da sassan da ke koyar da bincike za su wajabta wa ɗalibi ya rubuta lissafinsa da harshen kwamfuta, layi bayan layi, ya miƙa rubutun tare da kundin. Ina nufin harsuna irin su R ko Python, kuma ga wanda aikinsa ƙididdiga ce zalla, R na fi ba da shawara.

Bambancin a fili yake. Mai danna maɓalli yana yin aiki ne ya wuce, ba ya barin sawu. Mai rubuta umarni kuwa yana barin takarda da ke cewa: ɗauko wannan fayil, duk inda ka ga 99 ka ɗauke shi a matsayin babu amsa, raba matan bisa shekarunsu, fitar da matsakaicin kowane rukuni, zana shi. Gobe idan aka gano kuskure a takardar tambaya guda, gyara ta za a yi a sake kunna rubutun, cikin daƙiƙu komai ya sake fitowa. Malami zai iya karanta shi ya ce layi na bakwai ban yarda da shi ba. Akwai ma wata ɗabi'a ta R da nake so ƙwarai: idan akwai gurbin da aka yi wa alamar babu amsa a cikin alƙaluma, ka ce ya ba ka matsakaici, ba zai ba ka lamba ba sai ka faɗa masa ƙarara cewa ya tsallake guraben. Wato dole ka san da su, dole kuma shawarar da ka yanke ta zauna a rubuce.

Don kada a ce na yi rashin adalci, SPSS, manhajar da shagunan nan suka fi amfani da ita, ita ma tana da wurin rubuta umarni, tana da hanyar bayyana lambar da ke nufin babu amsa. Tsohuwar manhaja ce mai daraja, tun 1968 take, kamfanin IBM ya saye ta a 2009. Matsalar ita ce ta kuɗi ce, kuma mun san kwafin da ke yawo a hannun ɗalibai galibi ba na halak ba ne. R kuwa kyauta ne tun asali. Malamai biyu ne a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara shi a farkon shekarun 1990 don koyar da ɗalibansu, suka gina shi bisa tsarin wani harshe mai suna S da John Chambers da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell na Amurka. Cikakken fitowarsa ta farko a shekarar 2000 ce. A yau rumbunsa da ake kira CRAN na ɗauke da ƙunshin ƙarin kayan aiki sama da 20,000 da masu bincike a faɗin duniya suka rubuta suka bayar sadaka, daga na nazarin cututtuka zuwa na zana taswira.

Kada wani ya zaci kuskuren 'yar yayata abu ne na ƙananan ɗalibai kawai. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart ta Jami'ar Maryland da Kenneth Rogoff na Jami'ar Harvard, suka fitar da nazarin da ke nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasar arzikinta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Sai a 2013 wani ɗalibin digiri na gaba a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin a matsayin aikin aji, ya kasa samun amsarsu. Da ya nemi fayil ɗinsu na Excel, manhajar jadawalin lissafi, suka ba shi, sai ya ga wajen zaɓo layukan da za a haɗa an bar ƙasashe biyar a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Bayan gyara wannan da wasu matsaloli na yadda aka auna ƙasashen, bunƙasar da aka ce ta yi ƙasa da sifili ta koma kashi 2.2. Shekara uku ana yanke hukunci a kan rayuwar jama'a da lissafin da ba wanda ya buɗe cikinsa.

Na Ingila ya fi tayar da hankali, domin rai ne a ciki. A ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoban 2020, ana tsakiyar annobar korona, mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar sun kamu suka ɓace daga ƙididdigar hukumar lafiya. Dalili? Ana zuba sakamakon ɗakunan gwaji ne a tsohon samfurin fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube ba tare da wata ƙararrawa ta buga ba, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar. Masu nazarin ƙwayoyin halitta su ma sun sha tasu: Excel kan mayar da sunayen ƙwayoyin halitta irin su MARCH1 da SEPT2 zuwa kwanan wata da kansa, har sai da kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya sauya wasunsu a 2020. Ba ina cewa a jefar da Excel ba ne, yana da amfaninsa wajen shigar da bayanai da ƙaramin lissafin ofis. Amma duk aikin da za a kafa hujja da shi a gaban jama'a ya fi ƙarfin danne-danne.

Sai batun zane, wanda a wajen ɗalibanmu ya zama ado kawai. Ana gama jadawali sai a manna da'ira mai yanka-yanka kala bakwai don shafi ya yi kyau. Alhali aikin zane na farko shi ne ya nuna wa mai binciken kansa abin da ke cikin alƙalumansa tun kafin ya fara lissafi. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya haɗa rukunin alƙaluma huɗu, kowanne ɗigo 11. Idan ka lissafa matsakaicinsu, da yadda suka bazu, da ƙarfin alaƙar da ke tsakaninsu, duka huɗun kusan amsa ɗaya suke bayarwa. Amma kana zana su sai ka ga ba su ko kama hanya ɗaya ba: ɗaya ya bi miƙaƙƙen layi da 'yar warwatsuwa, ɗaya ya lanƙwasa kamar baka, ɗaya ɗigo guda ne ya fita daban ya karkatar da layin, na huɗun kuma duk a tsaye suke wuri guda in ban da ɗigo ɗaya can nesa. Waɗannan alƙaluma suna nan cikin R, kana rubuta kalmar anscombe za su fito, malami zai iya nuna wa aji wannan darasi cikin minti goma. Gani ya kori ji.

Haka muka yi da 'yar yayata a daren nan. Layi ɗaya ta rubuta don zana yawan haihuwar matan, sai ga ginshiƙai sun taru a gefen hagu, tsakiya fayau babu komai, can ƙarshen dama ga wani ginshiƙi tsaye shi kaɗai a kan 99. Ban ce mata komai ba, ita ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kawu, ga su nan." Da mai shagon ya yi wannan zane kafin ya taɓa komai, da kuskuren bai kai ko'ina ba. Daga baya na nuna mata ggplot2, ƙunshin da Hadley Wickham ya fitar a 2007, wanda ke sa ka gina zane hawa-hawa: ka faɗi abin da zai zauna a kwance, da abin da zai tsaya, da abin da launi zai wakilta. Mutum na rubuta wannan yana tilasta wa kansa tunanin me yake son nunawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce ɗalibin da ba shi da kwamfuta, ga rashin wuta, ga tsadar data, ta ina zai fara? Gaskiya ne akwai wannan. Sai dai R ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, nauyinsa bai kai fim guda ba, ana iya raba shi ta filashi, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa. Ɗakin kwamfutar da ake koyar da SPSS a cikinsa shi ne dai zai ɗauki R, ba tare da sisin kwabo na lasisi ba. Kuɗin da ɗalibai ke zubawa a shagunan babi na huɗu kowace shekara ma hujja ce cewa tsarin yanzu ba kyauta yake ba.

Za a kuma ce abin da wuya, ɗalibin ilimin zamantakewa ko aikin jinya ina ruwansa da rubuta manhaja? Makon farko da wuya, ba zan ɓoye ba. Waƙafi guda ya ɓace sai jan rubutu ya cika allo, mutum ya ji kamar ya tashi ya bar wurin. Amma abin da kundin digirin farko ke buƙata bai wuce umarni 20 zuwa 30 ba: karanto fayil, tsaftace shi, ƙirga, rarraba, gwada alaƙa, zana. Yaron da ya haddace izu sittin ba wannan ne zai gagare shi ba. Inda gaskiyar wahalar take shi ne wajen malamai, domin da yawansu ba a koya musu ba, kuma ba kowa ke son ya koma ɗalibi bayan ya yi furfura a kan kujera ba. Nan ne jami'o'i ya kamata su kashe kuɗi, a tara malaman hanyoyin bincike lokacin hutu a horar da su.

Akwai masu cewa yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta umarnin da kansu, koyon ya zama ɓata lokaci. Ni a ganina akasin haka ne. Manhajar za ta rubuto maka layi goma masu kyau, amma ba ta san 99 ɗinka ba 'ya'ya ba ne sai ka faɗa mata, kuma ba za ka faɗa ba sai ka san ana tambayar irin wannan. Wanda bai iya karanta rubutun ba ya sauya mai shago ne kawai. Rubutaccen umarni shi ma yana ɗaukar kuskure, sosai ma. Fifikonsa guda ne, kuskuren yana zaune a inda ido zai iya ganinsa.

Abin ya wuce harabar jami'a, ya shafe mu 'yan jarida. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. A 2023 ta fito da sabon adadi, kashi 4.1 na watanni ukun farkon shekarar. Aka yi ta cece-kuce a rediyo da shafukan sada zumunta, wasu na murna wasu na zagi. Abin da ya faru shi ne an sauya ma'aunin: a da wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, a sabon tsarin da ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa, awa ɗaya ta aikin samun kuɗi a mako ta isa a ce kana da aiki. Ɗakin labarai da ke da mutum ɗaya mai iya buɗe alƙaluma zai duba awannin da mutane ke yi, ya raba su jiha-jiha, maza da mata, birni da ƙauye, ya zana wa mai karatu abin da zai gane da Hausa. Hukumar tana sanya ɗanyen bayanan wasu bincikenta a intanet, haka ma binciken lafiya da yawan jama'a da ake yi lokaci-lokaci. Suna nan ajiye, mafi yawan masu sauke su ba daga cikinmu suke ba, sai mu jira wani daga waje ya faɗa mana halin da Jigawa ko Zamfara ke ciki.

Abin da nake nema daga shugabannin sassa ba ya buƙatar sabon gini ko izini daga Abuja. A sa doka cewa duk kundin da ke da babi na alƙaluma zai zo da fayil biyu: bayanan da aka tattara, bayan an cire sunaye da duk abin da zai tona asirin waɗanda suka amsa, da kuma rubutun umarnin da ya fitar da kowane jadawali da kowane zane. Ranar kare kundi a ajiye kwamfuta a kan tebur, ɗalibi ya kunna rubutunsa a gaban malamai. Sannan ɗaya daga cikinsu ya ce masa ya cire waɗanda shekarunsu ba su kai 20 ba, ya sake fitar da jadawali na uku yanzu-yanzu.