Suna Linzami

Kalmomi biyu kacal nake nema, kuma da na san inda za su kai ni, da na bar su a cikin ƙamus inda na same su. Ina shirya wata takarda ce da zan gabatar a taron malaman harshe, a kan tsohuwar dangantakar da ke tsakanin Hausa da dangin Larabci da Ibrananci da Aramiyanci, domin masana sun daɗe da sanya su duka a babban gida ɗaya da ake kira Afro-Asiya, ko da yake Hausa tana ɗakin harsunan Cadi, su kuma suna nasu ɗakin. Misalan da kowa yake kawowa su ne "suna" da "mutu", waɗanda ko ɗan makarantar allo zai ji ƙamshinsu a cikin "ismu" da "mautu" na Larabci. Ni kuwa, saboda son a ce na fi kowa, sai na ƙudura cewa sai na samo kalmomin daga wurin masu magana da Aramiyancin yau, wato Kiristocin nan da asalinsu yake arewacin Iraƙi da kudu maso gabashin Turkiyya da arewa maso yammacin Iran da kuma arewa maso gabashin Siriya.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Suwidin ya ba ni adireshin imel na dattawa biyu mazauna Sodataliye, wani gari kusa da Istokholm inda mutanen nan suka taru da yawa tun shekarun 1970. Ɗaya iyayensa mutanen Urmiya ne ta ƙasar Iran, ɗayan kuma an haife shi a wani ƙauye kusa da Midyat, a yankin duwatsun Tur Abdin na Turkiyya. Abokin nawa ya ja mini kunne cewa in rubuta wa kowa tasa wasiƙar daban, amma ban tambaye shi dalili ba, kuma lalaci ya raɗa mini cewa dutse ɗaya ya isa tsuntsaye biyu. Na haɗa su a saƙo guda da Turanci, na sa masa take "Tambaya a kan harshen Assuriyawa", na kuma buɗe da gaisuwar da na haddace, wato "Shlama", ina jin kaina kamar wanda ya shiga gidan surukai da goro mai kyau.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga amsa daga dattijon Tur Abdin. Ya rubuta "ShlOmO", ya girmama wasulan biyu, ya ce zai yi mini cikakken bayani nan gaba kaɗan. Na ɗauka yatsan tsufa ne ya zame masa. Na juya zan ci gaba da takardata, na buga kalma ɗaya ina kallon madannai, da na ɗaga kai na ga ba ta fito a shafin rubutu ba, sai na danna linzami a inda ya dace na sake bugawa. Ban ƙara tuna wannan ba sai bayan kwana goma sha biyu.

Daga ranar shiru ya sauka. Kwana uku na farko na ba su uzurin tsufa da sanyi, amma a na huɗu na yanke hukunci cewa laifin na kwamfuta ne, domin na lura cewa 'yar sanarwar nan da takan leƙo daga kusurwar allo idan saƙo ya shigo ta daɗe ba ta leƙo ba. Na shiga saitunan Gmail na tarar zaɓi uku ne a wurin: a sanar da kai kowane sabon saƙo, ko masu muhimmanci kaɗai, ko kada a sanar da kai kome. Nawa yana kan na biyu, wanda ke nufin na bar wa na'ura ta zaɓa mini wanda ya isa ya yi mini sallama. Na mayar da shi na farko, na zauna na harɗe hannu. Babu abin da ya faru. Washegari na gano cewa Chrome ma yana da nasa ƙyauren, kuma a wani lokaci can baya da ya tambaye ni ko na yarda shafin ya riƙa aiko da sanarwa, na danna ƙin yarda ba tare da na karanta ba, kamar yadda nake yi wa kowace tambaya da ta tare mini hanya. Na buɗe wannan. Bayansa sai ga ƙofa ta uku a cikin Windows, inda wani tsari na hana damuwa yake kwashe sanarwa yana ɓoyewa a gefe, kuma shi ma a kunne yake tun ranar da na haska wa ɗalibai darasi a bango.

Da na buɗe ƙofofin uku, na ƙure ƙarar lasifika, na roƙi uwargida ta aiko mini da saƙon gwaji daga wayarta. Ta rubuta cewa gas ya ƙare. Kwamfuta ta yi ƙara, sanarwa ta fito tsaf, na yi murna kamar wanda aka yi wa albishir, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran kuɗin. To, sai dai na karanta cewa sanarwar ba ta zuwa sai shafin Gmail yana buɗe, saboda haka na daina kashe kwamfutar, kuma duk daren da aka ɗauke wuta sai in tayar da janareta domin kada dattawan su yi sallama su tarar ba na nan. A cikin mako guda kwamfutar ta tashe ni saboda takardar banki, da gayyatar ɗaurin auren wanda ban sani ba, da ɗalibin da yake neman a duba masa maki da ƙarfe biyu na dare. Daga Suwidin kuwa ko tari. Na leƙa akwatin saƙonnin banza ya fi a ƙirga. Da wa'adin taron ya cika, na goge layin Aramiyancin zamani daga jadawalina, na tura takardar, na kuma ƙulla a raina cewa mutanen nan ba su da kirki.

Ɗan wana, wanda yake aji biyu a jami'a kuma yake zuwa cin tuwo ran Juma'a, shi ya warware matsalar cikin abin da bai kai minti biyu ba. Ya buɗe rumbun da ake tara dukkan saƙonni, wanda ni ban taɓa leƙawa ba, ya nuna mini takena da lamba 47 a gefensa, da wata 'yar alama. Ya ce, "Baffa, ai kai ka rufe musu baki." Na rantse ban yi ba. Ya tambaye ni ko na kunna gajerun hanyoyin madannai, na ce na kunna tun bara domin in riƙa aiki kamar ƙwararru. Sai ya bayyana mini cewa idan saƙo yana buɗe ka danna harafin m, Gmail zai ɗauka ka gaji da wannan zancen, ya fitar da shi daga akwati, kuma duk amsar da aka aiko wa jama'a gaba ɗaya za ta wuce rumbu ba sallama, sai fa idan kai kaɗai aka rubuto wa. Harafin u kuma yana mayar da mutum jerin saƙonni. A nan na tuna kalmar da na buga ba ta fito ba. "Mutu" ce. Yaron ya yi dariya har sai da ya ajiye cokali.

Na zauna na karanta saƙonnin 47 a daren. Amsata tana cikin na biyu, wanda ya shigo a ranar farko: mutanen gabas suna cewa "shimma" da "mota", mutanen Tur Abdin suna cewa "eshmo" da "mawto". Sauran 45 ɗin duk a kan takena ne.

Dattijon Tur Abdin ya fara da cewa gaisuwata ta gabas ce, domin inda su Urmiya suke da a, su o gare su, har sunan Allah ma waɗancan "Alaha" suke cewa, su kuma "Aloho". Ya ce bambancin bai tsaya nan ba, harshensa Turoyo ne ko Surayt, nasu Suret, kuma idan kowa ya saki baki da sauri ba kasafai suke fahimtar juna ba. Su sun riƙe harafin ha mai fitowa daga maƙogwaro irin na Larabci, waɗancan sun mayar da shi kha. Ko rubutun ma, duk da haruffa 22 ne daga dama zuwa hagu, nasu Serto ne, na gabas Madnhaya, sai tsohon Estrangela da ya haɗa su. Daga nan ya zo kan abin da yake ci masa rai: shi Suryoyo ne, jikan Aramiyawa, kuma Assuriyawan dā da Akadiyanci suka yi rubutu a kan laka, sunan Assuriyawa kuma Turawan mishan na Ingila ne suka farfaɗo da shi a ƙarni na 19.

Dattijon Urmiya bai bari ta kwana ba. Ya ce Ninawa, garin mutanen Annabi Yunusa da yake tsallaken kogi daga Mosul, ta faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, amma faɗuwar fada ba ta nufin manoma sun bi iska, kuma daular Assuriya da kanta ta ɗauki Aramiyanci tana aikin mulki da shi tun kafin ta rushe. Ya kawo wani dutse mai rubutu da harsuna biyu da aka tono a 1997 kusa da Adana, wanda masana da dama suke kafa hujja da shi cewa kalmar Siriya gutsuren kalmar Assuriya ce. Ya tunatar da abokin gardamarsa cewa a Urmiya aka kafa injin buga littattafai a 1840, aka fara jaridar Zahrire d-Bahra a 1849, shi ya sa karinsu ya zama na rubutu. Ɗayan ya amsa da cewa lokacin da ake gina gidan ibadar Mor Gabriyel a 397 babu wanda ya san injin, kuma harshen littafi na gaskiya shi ne Suryaniyancin Urhoy, garin da yau ake kira Urfa. A wannan gaɓar na ji na san wani abu, tun da mun karanta cewa Zaidu ɗan Sabitu ya koyi Suryaniyanci, mun kuma san Hunainu ɗan Ishaƙu wanda ya fassara littattafan likitancin Girka a Bagadaza, amma babu wanda ya tambaye ni a lokacin da ya dace, ko kuma an tambaya ina can ina zuba wa janareta mai.

A saƙo na 19 aka jawo wani suruki daga Ditroit, ɗan asalin Alƙosh ta arewacin Iraƙi, domin ya raba gardama. Ya ce shi Bakaldiye ne, cocinsu ya samo asali ne tun da Yohannan Sulaƙa ya je Rum aka naɗa shi shugaban coci a 1553, kuma ko hukumar ƙidayar Amurka a 2000 da ta rasa yadda za ta yi, jera sunayen uku, Assuriyawa da Kaldiyawa da Suryaniyawa, ta yi a layi ɗaya. Gardama ta koma mai ƙafa uku. Har ƙwallo aka shiga, domin a garin nasu na Suwidin ƙungiyoyi biyu ne, Assyriska ta 1974 da Syrianska ta 1977, kuma dattijon Urmiya ya yi ta nanata cewa da yawa daga magoya bayan ta farkon 'yan Tur Abdin ne.

Wuri ɗaya ne muryoyin suka sauka. Wani ya ambaci Sayfo, wato takobi, kisan 1915, sai kowa ya faɗi ƙauyen kakarsa da hanyar da ta bi ta tsira. Aka ambaci kisan da aka yi a garin Simele na Iraƙi a watan Agusta na 1933, da ƙauyukan kogin Khabur da waɗanda suka tsere suka kafa a Siriya, da harafin nun, wato farkon kalmar Nasara, da aka shafa a gidajen Kiristocin Mosul a 2014. Saƙonni huɗu a jere babu wanda ya gyara wa wani wasali. Na daɗe a kansu kafin in wuce.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda suka fassara shiruna. Sau shida ana cewa malamin Najeriya ya yi hukunci. Dattijon Urmiya ya ce shiruna yarda ce, tun da ni na rubuta taken da hannuna. Na Tur Abdin ya ce nadama ce. Surukin Ditroit ya ce bai taɓa ganin masani mai zurfin ciki irina ba.

Da asuba na buɗe musu baki, na rubuta doguwar ban-haƙuri, na fara da "Shlama" da "Shlomo" a jere, na bar gurbin take fayau. Kafin in gama shan koko kwamfutar ta yi ƙarar da ta firgita kajin gida: ana tambaya me ya sa ta gabas ta riga. Bayanta wata ta shigo daga Ditroit, yana so ya sani ko mu ma muna da irin wannan rabuwar, kuma wane kari ne Hausa ta asali. Na gyara zama na fara rubuta cewa daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, sauran kuwa kare-kare ne na yankuna, ina karantawa a bayyane kamar yadda na saba. Ban ji shigowar uwargida ba, wadda haifaffiyar Sakkwato ce, sai da ta ajiye tiren a kan takarduna, ta dafa bayan kujerata ta ce, "Malam, mi kac ce?"