Ranar da aka karɓi bashi ta ɓace

Abin da ke ƙona mini rai a aikin rumbun bayanai shi ne shafin lokaci (TIMESTAMP) na MySQL, manhajar nan ta ajiye bayanai a cikin tebura. Mai kantin magani a Ƙofar Ƙaura ya kira ni, kwamfutarsa ta mutu. Muka maido da ajiyar bayanansa lafiya lau, aka ɗan gyara sunayen masu bashi da umarnin UPDATE guda. Shi ke nan, kowane bashi ya koma na yau! Wanda ya karɓi magani tun azumin bara da wanda ya karɓa jiya duk sun zama ɗaya.

Dalili kuwa, har zuwa MySQL 5.7, shafin TIMESTAMP na farko a tebur shi ke ɗora wa kansa ON UPDATE CURRENT_TIMESTAMP, wato umarnin da ke maida kwanan wata na yanzu duk lokacin da aka canza wani abu a layin, ko ba ka nema ba. Wa ya aike shi? Sai a 8.0 aka daina wannan karambani, amma tsofaffin tebura suna nan da halinsu, kuma mysqldump, manhajar da ke kwafe bayanai don ajiya, yana kwashe su yadda suke.

Alhaji ya ce, "Malam, yanzu da wace rana zan bi mutane kuɗina?" Dole muka sake lodawa daga farko, muka cire ON UPDATE ɗin kafin a taɓa komai.