Kura da shan bugu: wa ke biyan kuɗin rikicin kasafin Amurka?

Ranar 25 ga Janairun 2019, tashin jirage ya fara tangarɗa a filin jirgin sama na LaGuardia da ke New York, saboda wasu daga cikin ma'aikatan da ke ba jirage hannu ba su zo aiki ba. Kwana 35 ke nan suna aiki babu albashi, don an rufe wasu ma'aikatun gwamnatin Amurka saboda shugaban ƙasa da majalisa sun kasa daidaitawa kan kasafi. A ranar nan Donald Trump ya amince a buɗe gwamnati, ba tare da ya samu dala biliyan 5.7 ɗin da ya kafe sai an ba shi don gina katanga a iyakar Meziko ba. Abin da kakakin Majalisar Wakilai Nancy Pelosi da 'yan Democrat suka yi makonni suna nema bai samu ba, sai da matafiya suka fara maƙalewa a kan kujerun jira.

Duk sanda aka yi irin wannan kiki-kaka, bayanin da aka saba ji shi ne gwamnati ta rabu: shugaban ƙasa na wata jam'iyya, majalisa na hannun wata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Haka aka yi tsakanin Bill Clinton da kakakin majalisa Newt Gingrich a ƙarshen 1995, aka rufe ma'aikatu kwana 21. Haka aka yi wa Barack Obama a 2013, kwana 16, a kan dokarsa ta inshorar lafiya. Amma ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba.

Dubi 2025. Fadar White House, Majalisar Wakilai da Majalisar Dattawa duk suna hannun 'yan Republican, amma aka rufe gwamnati kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa wancan lokaci. Dalili kuwa, a Majalisar Dattawa mai kujeru 100, sai an samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara kan irin wannan ƙudiri, su kuma 53 gare su. 'Yan Democrat suka riƙe wuya, suka ce sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya. Wato dabarar da suka yi ta la'anta a 2013 ita suka ɗauka, su kuma 'yan Republican suka koma wa'azin da Obama ya yi musu a wancan lokaci, cewa ba a ciniki da wuƙa a wuya. Kowa ya ari rigar ɗan'uwansa, ba kunya ba tsoron Allah.

Ta ɗaya gefen kuma, rabuwar gwamnati ba ta hana aiki ba a da. Ronald Reagan da kakakin majalisa Tip O'Neill sun sha gwabzawa, amma tare suka gyara asusun fansho na ƙasa a 1983, suka yi garambawul ga haraji a 1986. Clinton da Gingrich ɗin nan, bayan sun gama nuna wa juna yatsa, sun cimma yarjejeniyar kasafi a 1997, kuma daga 1998 zuwa 2001 gwamnati rara ta riƙa samu maimakon giɓi.

To me ya canja? Abu biyu nake gani, kuma na farkon ya fi damuna.

Doka ce ta mayar da albashin ƙaramin ma'aikaci makami. Kafin 1980, idan kasafi ya yi jinkiri, ma'aikatu ci gaba suke da aiki har majalisa ta kammala. Sai babban lauyan gwamnatin Jimmy Carter, Benjamin Civiletti, ya yi wa wata tsohuwar doka fassara mai tsauri: babu kasafi, babu kashe ko sisi, sai abin da ya shafi kare rai da dukiya. Tun daga nan duk mai wata buƙata da ya kasa samu ta hanyar ƙuri'a ya san ranar da zai tare hanya, 30 ga Satumba, ƙarshen shekarar kuɗi. A 2019 ma'aikata kusan 800,000 ne suka rasa albashi, ana ganin wasunsu a layin karɓar abincin sadaka da katin aiki a wuya. Ofishin kasafi na majalisa da kansa ya ƙiyasta cewa dala biliyan 3 ta salwanta ke nan har abada. Ma'aikatan gwamnati dai akan biya su bashin daga baya. Mai shara da mai gadi da ke ƙarƙashin ɗan kwangila kuwa, yawanci sai dai haƙuri.

Na biyu, ɗan majalisar Amurka na yau ya fi tsoron zaɓen fitar da gwani a kan babban zaɓe. An yanka mazaɓu yadda galibinsu an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin a buga takardar ƙuri'a, saboda haka barazanar ɗan majalisa tana cikin gidansa, wurin masu tsattsauran ra'ayi da ke kallon sulhu a matsayin cin amana. Kevin McCarthy ya ɗanɗana. Ya haɗa kai da 'yan Democrat ya hana rufe gwamnati a ƙarshen Satumban 2023, kwana uku bayan nan 'yan jam'iyyarsa takwas suka jagoranci tsige shi daga kujerar kakaki, da ƙuri'a 216 da 210. Ba a taɓa yi wa wani kakaki haka ba. In an ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, ai kowa ya san abin yi.

Mu da muka ari tsarin shugaban ƙasa daga wurinsu a 1979, a wannan gaɓa dai mun fi su dabara, ko da yake ba kasafai nake samun damar faɗin haka ba. Sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida bisa ma'aunin kasafin bara. Shi ya sa zaman doya da manjan da aka yi tsakanin Buhari da majalisar Saraki ya kai kasafin 2018 har watan Yuni kafin a sa masa hannu, amma ba a garƙame ma'aikatu ba. Ayyuka sun sha jinkiri, wannan gaskiya ne. Sai dai masu kafa hujja da Amurka suna cewa gara majalisa ta zama 'yar amshin shata don a zauna lafiya, sun ɗauko darasin a baibai. Majalisar da ke iya cewa a'a ba ita ce cutar ba.

An sha gabatar da ƙudiri a Washington na a riƙa ci gaba da tsohon kasafi kai tsaye idan sabo bai samu ba, kuma har yau bai zama doka ba, don babu jam'iyyar da ke son ajiye sandar da take sa ran ɗauka gobe. Rikicin 2025 ya ƙare ne da sanatoci takwas daga ɓangaren Democrat suka mara wa 'yan Republican baya, a kan alƙawarin za a kaɗa ƙuri'a kan tallafin inshorar lafiyar daga baya, ba tallafin kansa ba. A tsawon kwanakin nan 43, tallafin abinci na mutum kusan miliyan 42 ya shiga rububi, aka rage tashin jirage a manyan filaye 40. Albashin ɗan majalisa kuwa, dala 174,000 a shekara, dokar rufe gwamnati ba ta taɓa shi.