An tambaye ta kuwa?

Tun jiya nake karanta abin da kuke rubutawa a kan yarinyar nan ta layinmu da ta gudu ana shirin yi mata aure, wallahi raina ya ɓaci. Kowa ya zama alƙali. Wai ta zubar da mutuncin gidansu, wai waya ce ta lalata ta, wai 'ya'yan zamani ba su da tarbiyya. Ni tambayata ɗaya ce, kuma har yanzu ba wanda ya amsa: an tambaye ta?

Shekararta 17. Saura kwana biyu ɗaurin aure ta sulale da asuba, lallen hannunta ko gama kamawa bai yi ba, ta hau mota sai gidan gwaggonta. Gidan gwaggonta fa, ba ɗakin saurayi ba, ku daina ƙara gishiri. Duk unguwa an san tun tana aji uku na sakandare take son yaron nan mai gyaran waya. Ranar da ta faɗa wa uwarta, ranar aka ƙwace wayarta, aka hana ta islamiyya, aka sa mata rana da mutumin da sau biyu kacal ya zo zance.

Na shiga gidan jiya da yamma. Uwar na zaune gefen akwatunan lefe, idonta ya kumbura. Na ce, "Yaya, kun tambaye ta?" Ta ce, "Ai da babanta ya yi maganar shiru ta yi." Shiru! Na san hadisin, yana cikin Buhari da Muslim: ba a aurar da budurwa sai da izininta, kuma shirunta izini ne. Amma shirun kunya ake nufi. Yarinyar da ta kwana uku tana kuka, abinci ya gagare ta, wannan ma shirun yarda ne? Khansa'u 'yar Khidam babanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya warware auren.

Kar wani ya zo min da maganar wai Malikiyya ta ba uba ikon tilasta wa budurwa. Na sani. An ba shi ne don ya kare ta, ba don ya huce haushin ta yi masa gardama ba. Masu cewa soyayyar ƙuruciya shirme ce, to, ko shirmen ne sai a zauna da ita a nuna mata. Idan yaron bai isa aure ba, a ce ya jira, ita ta gama makaranta. Wa ya yi wannan zaman da ita? Ba kowa.

Mun manta 2014 ne? A ƙaramar hukumar Gaya, yarinya 'yar shekara 14 da aka yi wa auren dole ta zuba shinkafar ɓera a abinci, angon da wasu mutum uku suka mutu. Mu gode wa Allah ta layinmu gudu ta yi.

Sannan ku dangi masu cewa an riga an kashe kuɗi, an buga kati, an ɗinka anko: ni ma na biya nawa ankon, yana wajen tela. Wa ma ya ɗora mana wannan anko kala uku-uku a biki ɗaya, ana fama da kuɗin shinkafa?