Ku daina dukan 'yan fim ɗinmu da hoton Madhubala

Kun dai ga abin da wani shafin sada zumunta ya sake yi jiya. An ɗauko hoton Madhubala, tsohuwar jarumar fim ɗin Indiya, na baƙi da fari, ta yafa mayafi tana murmushi a wurin ɗaukar fim, aka rubuta a ƙasa wai a zo a ga zamanin da 'yan fim ke da kunya da kwanciyar hankali, ba irin namu na Kannywood ba. Kafin la'asar kowa ya zama malami a ƙarƙashin hoton. Masha Allah! Ashe muna da masana tarihin Bombay haka jibge a Kurna da Rigasa, mu ne dai ba mu sani ba.

Kwanciyar hankali fa kuka ce? Matar da ke cikin hoton nan, Mumtaz Jehan sunanta na yanka, tun tana 'yar shekara tara, a 1942, aka tsayar da ita gaban kyamara. Ba sha'awa ce ta kai ta ba, aikin mahaifinta ne ya ƙare, ita ta koma mai ciyar da gida. Da rami a zuciyarta aka haife ta. A 1954 tana tsakiyar aiki a Madras ta fara aman jini, kuma ba a daina aikin ba. A fim ɗin Mughal-e-Azam, wanda ya fito a 1960, sarƙoƙin ƙarfe na gaske aka ɗaura mata don wurin kurkukun ya yi kyau a ido, ga ciwon yana cin ta. Ta yi shekarunta na ƙarshe a kwance, ta rasu a Fabrairun 1969 tana da shekara 36. To malam, a wace kusurwar hoton ka hango wannan?

Ba ka hango ba, domin hoto ba ya faɗa. Ƙiftawar ido ɗaya ya kama, ita ma ƙiftawar zaɓo ta aka yi. Wanda muke kira hoton bayan fage shi ma shiri ne: ga mai fitila, ga mai kwalliya, ga mai hoton da kamfani ke biya don jarida ta samu abin bugawa. Hotunanta da suka fi yawo a intanet, waɗanda kamar a ɗakinta aka same ta tana dariya ba shiri, wani Ba'amurke ne James Burke ya ɗauka wa mujallar Life a 1951. Aiki ya zo yi, ita ma aiki take yi.

Na ga masu cewa ai ko ba komai soyayyarsu ta gaskiya ce, a dubi yadda jarumi Dilip Kumar, masoyinta, ke kallon ta. Kayya. Wurin nan na Mughal-e-Azam da yake shafa mata gashin tsuntsu a fuska, wanda kuke yankowa kuna ɗora masa waƙa, shi da kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa cewa lokacin da aka ɗauke shi ko gaisuwa ba sa yi. Kafin nan an yi shari'ar fim ɗin Naya Daur: mahaifinta Ataullah Khan ya hana ta tafiya ɗaukar fim a wajen Bombay, mai shirya fim ɗin, B.R. Chopra, ya kai ƙara, aka ba Vyjayanthimala gurbinta, Dilip Kumar ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Da a yau aka yi wannan, wallahi mako guda za ku yi kuna raba sautin murya a WhatsApp, kuna cewa dama 'yar fim ba ta zaman aure.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Ba son Madhubala ne ya sa aka saka hoton ba. Sanda ake nema ta dukan wata yarinya da ke raye a Kano, sai aka samu matacciya wadda ba za ta iya cewa ƙarya kuke yi ba. Ita ma a zamaninta jaridun gulma ba su bar ta ba. Indiyar ce fa, da Dadasaheb Phalke zai yi fim ɗinsa na farko a 1913 ya rasa macen da za ta yarda ta fito, dole namiji, Anna Salunke, ya ɗaura sari ya zama sarauniya. Zagin 'yar fim ya girmi kakanninmu, ba a kan 'yan TikTok aka fara ba.

Ku ɗauko Meena Kumari ma, tunda ita ce ta biyu a jerin waɗanda kuke kira masu natsuwa. Ita ma tun tana ƙarama aka sa ta neman abincin gida. Aurenta da Kamal Amrohi ya watse a 1964, ta faɗa shan giya har hanta ta lalace, ta rasu a Maris na 1972 tana da shekara 38, makonni kaɗan bayan fitowar Pakeezah. Ba tonon asiri nake yi ba, Allah Ya jiƙan su, Ya yafe musu, Musulmi ne 'yan'uwanmu. Kuma tsakani da Allah ina son matan nan. Wanda duk ya taɓa zama a siniman Plaza ko Marhaba, ko ya tsugunna gaban talabijin ɗin maƙwabta ana kallon Indiya, ya san abin da suka ba mu. Amma son mutum ya haɗa da yarda cewa ya sha wuya. Wanda ya share wuyar don ya samu hoto mai tsabta, kansa yake yi wa hidima.

Wani zai ce kana kare 'yan Kannywood ne. Su kare kansu, suna da baki, wasunsu ma bakin ya yi yawa. Wani kuma zai ce ai dai shigarta ta mutunci ce. Shigar fim ce, ɗan'uwa, tela ne ya ɗinka, darakta ya zaɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Af, tun da ana maganar tsofaffin hotuna: ku masu zuba musu kala da AI, don girman Allah ku sassauta. Kwanaki na ga an gyara hoton marigayi Kasimu Yero, an goge masa fuska sumul, an ƙara masa haƙora farare tas, har na ɗauka wani sabon angon Abuja ne. Shi kuma Samanja an mayar masa da kakin soja shuɗi kamar na mai gadin banki. In akwai wanda ke da hotunansu na ainihi na lokacin NTA Kaduna, ko da sun koɗe, ya turo mini ta inbox yadda suke, kada ya taɓa komai.